Rekesh: Dokin da Aka Ɗora wa Saƙon Rai

 

A nazarin Littafi Mai Tsarki da muka yi kwanan baya, mun iso Littafin Esta sura 8. Kamar yadda muka saba, kowa ya zo da irin Littafin da yake da shi. Da aka kai aya ta 10, wani ɗan'uwa mai riƙe da tsohuwar fassarar Turanci ta King James ya karanta nasa, sai muka ji ban da dawakai an ambaci alfadarai da raƙuma. Wata 'yar'uwa mai riƙe da na Hausa ta ce ita dawakai masu gudu kaɗai ta gani a wurin. Aka yi dariya. Amma wani ƙanenmu da bai daɗe da yin baftisma ba bai yi dariyar ba. Ya ce, "Yayyena, in wannan ya ce raƙumi, wancan ya ce doki, wanne zan kama? Dama a makaranta ana ce mini an sassauya Littafinmu."

Ranar ba mu ba shi amsar kirki ba. Mun yi masa alkawari za mu bincika, ga kuma abin da muka samo. Amsar tana cikin tarihin wata kalmar Ibrananci da ba a cika cin karo da ita ba, wato rekesh, da wasu kalmomi biyu da suka rako ta a wannan aya.

Doki suna ya tara

Kalmar da Ibraniyawa ke kiran doki da ita yau da kullum ita ce sus, ta fito fiye da sau 100 a Tsohon Alkawari. Rekesh kuwa sau 4 kacal ta fito: a 1 Sarakuna 4:28, da Mika 1:13, da Esta 8:10, sai Esta 8:14.

Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba. Kakanninmu da suka zauna tare da dawakai ba su tsaya ga kalmar doki kawai ba. Babban namiji ingarma ne, macen goɗiya, ɗan kuma duƙushi. Gajere mara girma ƙuru ne. Ta wajen launi ma akwai akawal, akwai kili. To, a tsayar da matashin da ya tashi da babur a Ikara ko Hunkuyi a tambaye shi bambancin akawal da kili, da wuya ya amsa. Ko shekara 100 ba a yi ba da motoci da babura suka ture doki daga hanya, ga shi har sunayen sun fara kuɓuce mana. Abin da ya sami rekesh da 'yan rakiyarta ke nan, sai dai nasu ya ɗauki dubban shekaru.

Inda kalmar ta fito

Wuri na farko shi ne gidan Sarki Sulemanu, a ƙarni na 10 kafin haihuwar Almasihu. Yana da hakimai 12, kowanne na ciyar da fada wata guda a shekara. Cikin abin da suke kawowa har da sha'ir da ciyawa, marubucin kuma ya ce ana kai su ne domin sus da kuma rekesh. Da ya jera su biyu haka, mun gane rekesh wani jinsi ne na dabam da aka ware daga sauran dawakan barga.

Wuri na biyu shi ne wa'azin annabi Mika, mutumin Moreshet, wanda ya yi annabci a zamanin Sarki Hezekiya. Ya ce wa mazaunan Lakish su ɗaura wa rekesh karusa. Lakish birni ne mai ganuwa a ƙasar Yahuza, na biyu ga Urushalima wajen ƙarfi. Mika ya yi wasa da amon kalmomi ne, don a bakin Ba'ibrane Lakish da rekesh suna kusa da juna, kamar dai a ce wa mutanen Doka ta Kudan su ɗaura wa doki sirdi. Nufinsa, su nemi dabba mafi sauri su gudu. A shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu, Sennakerib sarkin Assuriya ya kewaye Lakish ya ci ta da yaƙi, ya sa aka sassaƙa hoton yaƙin a bangon fadarsa ta Nineba. An tono waɗannan duwatsu a ƙarni na 19, yau suna babban gidan tarihi na Birtaniya a Landan.

Wuri na uku shi ne Shushan, babban birnin Farisa, a labarin Esta. Nan ne manzannin sarki suka hau rekesh suka bazu da wasiƙu. Idan aka haɗa wuraren uku, ma'anar ta fito fili: doki ne na musamman da ake kiwo saboda gudu.

Asalin kalmar

Kalmomin Ibrananci kan tsiro ne daga tushe mai baƙaƙe uku. Baƙaƙen rekesh su ne r, k, sh, kuma su ne baƙaƙen wani aikatau mai nufin tarawa ko mallaka. Daga nan aka sami rekush, wato dukiya, kalmar da aka yi amfani da ita a Farawa 12:5 ga abin da Ibrahim ya tara kafin ya bar Haran. Shi ya sa masana da dama ke ganin rekesh da rekush 'yan gida ɗaya ne. Mu ma mun san in makiyayi ya ce dukiyarsa ta tafi kiwo, shanu yake nufi.

Kalmar ba ta Ibraniyawa kaɗai ba ce. Tana cikin Aramiyanci, harshen da Daular Farisa ta yi aikin mulki da shi. A laburaren Bodleian na Jami'ar Oxford akwai wasu wasiƙu da aka rubuta a kan fata, na wani basarake mai suna Arshama wanda ya mulki Masar a madadin sarkin Farisa a ƙarshen ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu. Ɗaya daga cikinsu takardar guzuri ce da ya ba wani wakilinsa mai tafiya Masar. Ya umarci jami'an kowane zango su ba shi gari da abin sha, su kuma ba dawakansa harawa. Kalmar da aka rubuta ta dawakan tana da waɗannan baƙaƙe uku na rekesh. Arshama ya ƙara da cewa in wakilin ya wuce kwana ɗaya a zango guda, kada a ƙara masa guzuri. Hausawa na kiran manzon gaggawa ɗan kar-ta-kwana, ga shi mun same shi a rubuce tun shekara 2,400 da suka wuce.

Kalmomi biyu da suka gagari malamai

A Esta 8:10 rekesh ba ta zo ita kaɗai ba. An bi ta da ahashteranim da rammakim. Ta farkon a wannan sura kaɗai ta fito, sau biyu. Ta biyun sau ɗaya tak ta fito a dukan Littafi Mai Tsarki. Su ne suka jawo raƙuman da muka ji a ɗakin nazarinmu.

Yahudawan da suka fassara Esta zuwa Helenanci kafin haihuwar Almasihu sun tsallake kalmomin, suka ce kawai an aika da wasiƙu ta hannun manzanni. A cikin Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, wani malami mai suna Rabina da ya rayu a Babila wajen ƙarni na 5 ya amsa a fili cewa su kansu malaman ba su san ma'anar kalmomin ba, duk da haka suna karanta su a bikin Furim kowace shekara. Rashi, malamin Yahudawa na Faransa da ya rasu a 1105, ya ce wani irin raƙumi ne mai sauri. Ibn Ezra, mutumin Andalus a ƙarni na 12, ya ce ahashteranim alfadarai ne. Game da rammakim kuwa, da yake ya iya Larabci, ya lura Larabawa na kiran goɗiya ramaka, sai ya ce goɗiyoyi ake nufi. Masu fassarar King James a 1611 sun ɗebi ra'ayoyin irin waɗannan malamai, shi ya sa alfadari da raƙumi suka shiga ayar.

Haske ya zo ne daga wani dutse. A Behistun, cikin ƙasar Iran ta yau, Sarki Dariyus ya sa an sassaƙa labarin mulkinsa da harsuna uku a jikin wani tsauni mai tsawo. Rubutun ya yi ƙarnuka babu mai iya karanta shi. A 1802 wani malami Bajamushe, Grotefend, ya fara gane wasu baƙaƙen tsohon rubutun Farisa. Daga baya wani hafsan Ingila, Henry Rawlinson, ya hau tsaunin ya kwafe rubutun, ya fara buga fassararsa a 1846. Da tsohon Farisanci ya buɗu, sai aka ga kalmarsu ta mulki ko sarauta, khshathra, ita ce uwar ahashteranim. Ashe ba sunan dabba ba ne, sifa ce mai nufin "na sarauta". Daga tushe ɗaya ne da sunan da Littafin Esta ya ba manyan hakiman Farisa. Rammak kuma tana da 'yar'uwa a Farisanci mai nufin garke, ga ta Larabci mai nufin goɗiya. Jimlar ma'anar ita ce: dawakai masu gudu na aikin sarki, haifaffun garken goɗiyoyin sarki.

Wani zai ce rammak ta yi kama da raƙumi. Kama ce kawai ta amo, don masana harshe na danganta kalmarmu ta raƙumi da harsunan Buzaye da danginsu na hamada. Amma akwai kalmar doki da ta taso daga Farisa ta iso bakinmu da gaske. Linzami daga Larabci muka are shi, lijam, Larabawa kuma sun aro shi daga Farisanci. Sirdi da likkafa ma daga Larabci suke. Kaya kan yi tafiya da sunansa. Yadda Bahaushe ya karɓi linzami da sunansa, haka Yahudawan da ke zaune a Farisa suka karɓi sunayen dawakan sarki.

To, ƙanenmu, ga amsarka. Baƙaƙen Ibrananci na ayar ba su sauya ba. Suna nan a kwafin da ake kira na Leningrad, wanda aka rubuta wajen 1008, kamar yadda suke a bugun yau. Masu kwafi sun yi fiye da shekara 1,000 suna rubuta kalmomin da ba su gane ba, ba su goge su ba, ba su musanya su da masu sauƙi ba. Abin da ya ƙaru shi ne sanin masu fassara. Fassarar da ke hannun 'yar'uwarmu ta zo bayan an karanta dutsen Behistun, ta 1611 kuwa ta riga shi.

Me ya sa aka fito da dawakan sarki?

Mu koma cikin labarin. Ahasurus shi ne sarkin da Helenawa ke kira Zarksis, ya yi mulki daga 486 zuwa 465 kafin haihuwar Almasihu, a kan larduna 127 daga Indiya zuwa Kush. Riƙe ƙasa mai faɗin haka sai da hanyar aika saƙo. Herodotus, marubucin tarihi na Helenawa, ya kwatanta hanyar sarki daga Sardis zuwa Shushan, wajen kilomita 2,500, mai zango 111, tafiyar kwana 90 ga mai bin ta a hankali. Ya ce manzannin sarki kuwa an ajiye musu mutum da doki a kowane zangon yini, wannan ya iso ya miƙa wa na gaba, na gaba ya zabura.

A shekara ta 12 ta mulkin Ahasurus, ranar 13 ga wata na fari, Haman ya sa aka rubuta dokar hallaka Yahudawa. Aka sa ranar kisan 13 ga wata na 12. Dokar Farisa in an buga mata hatimin sarki ba ta warwaruwa, magana zarar bunu ce. Don haka ko bayan an rataye Haman, takardarsa na nan da ƙarfinta. Sai ranar 23 ga wata na 3 Mordekai ya rubuta sabuwar doka da ta ba Yahudawa izinin kare rayukansu. Tsakanin takardun biyu kwana 70 ne.

A sura ta 3, da takardar mutuwa za ta fita, marubucin ya ce manzanni sun fita da sauri, bai ambaci ko dabba ɗaya ba. A sura ta 8, da takardar rai za ta fita, sai ya tsaya ya jero mana irin dokin, da na wane ne, da garken da aka haife shi. Ranar kisan saura kusan wata tara, amma a kowane lardi akwai iyalan da ke azumi da kuka, suna kwance cikin toka, ba su san an riga an sa hannu a kan cetonsu ba. Duk kwanan da manzo ya ɓata a hanya, kwana ne da wata uwa za ta ƙara yi tana ƙirga ranar mutuwar 'ya'yanta. Littafin Esta bai ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba, amma mai karatu zai ga hannunsa har cikin bargar sarki.

Saƙon da ya iso Gimi

Mu ma a wannan yanki muna da labarin mutanen da suka daɗe suna jiran takarda. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga girmama Annabi Isa ƙwarai, har ya tara almajirai. An kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Mabiyansa, waɗanda aka sani da suna Isawa, suka watse, da yawa suka nufi ƙasar Ningi. Ba su da Linjila a hannu. Ɗan abin da malaminsu ya bar musu suka riƙe, iyaye na miƙa wa 'ya'ya, har fiye da shekara 40.

A 1913 wasu biyu daga cikinsu suka iso wurin Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ke zaune a birnin Zariya tun 1905. Ba da daɗewa ba aka kafa musu mazauni a Gimi, nan ƙasar Makarfi, kusa da layin dogo da ya isa Kano a 1911. Wanda ya zauna da su shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan. Zaman bai yi tsawo ba. Ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya faɗa wa garin ya kashe mutane da yawa. Waɗanda suka ragu suka koma Zariya, daga baya Wusasa, inda mishan ɗin ya tare a 1929. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya yi shekaru yana ciki tare da wasu.

Gimi ta bar mana wani gado da har yau ake gani. Masu rubuta tarihin mishan sun ce a can ne Thompson, wanda ya fito daga ƙasar rake, ya koya wa mutane matse rake da inji da dafa ruwansa ya zama mazarƙwaila, sana'ar kuma ta bazu. Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Makarfi ko Kudan ya san dokin da ake ɗaura wa doguwar sanda yana zagaya injin matsa tun safe. Ba shi da ado irin na dawakan hawan salla a Zariya, ba kuma inda yake zuwa, amma gidaje da yawa sun ci abinci daga guminsa. Shi da aikinsa, rekesh da nata.

Linzamin yana hannunmu

Masu kwafin Ibrananci, da mahayan Farisa, da Isawa, abu ɗaya suka yi. An danƙa musu saƙo, suka riƙe shi yadda yake, suka miƙa wa na gaba. Wasunsu ba su ma gane dukan abin da suke ɗauke da shi ba.

Yau dokin da ya fi rekesh gudu yana cikin aljihunmu. Saƙon da zai yi kwanaki tsakanin Shushan da Sardis, mu kan tura shi daga Paki zuwa Legas kafin a ƙifta ido. Sai mu tuna takardar Haman ma da sauri ta fita. Mu 'yan Jihar Kaduna mun san abin da jita-jita ke jawowa. Muryar da ba a san mai ita ba, hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba, a tura a WhatsApp da dare, gari ya waye maƙwabta na yi wa juna kallon tsoro. Kafin mu danna turawa, mu tambayi kanmu takardar wa muke ɗauke da ita, ta Haman ko ta Mordekai.

Akwai kuma waɗanda takardar rai ba ta kai gare su sosai ba, alhali tana hannunmu. A ƙauyukan Pala da Saulawa da Gubuchi da Likoro muna da iyaye da kakanni waɗanda ba su yi karatu ba, wasu kuma idanu sun gaza. Muna roƙon kowane reshe na zumuntarmu ya ware yamma ɗaya a mako, matasa biyu su je gidan tsoho ɗaya su karanta masa sura guda da Hausa, su yi addu'a tare. A fara da Esta. In an kai sura ta 8, a tambayi baba sunayen dawakan da ya sani tun yana yaro, a rubuta su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kalma ɗaya ta ƙarshe daga hanyar sarkin Farisa. Helenawa sun kira wannan tsarin aika saƙo angareyon, kuma da yake manzon sarki na da ikon tsayar da kowa ya karɓi dabbarsa ko ya ɗora masa kaya, sai kalmar ta haifi aikatau mai nufin tilasta wa mutum ɗaukar kaya. Da shi Yesu ya yi amfani a Matiyu 5:41, inda ya yi maganar wanda aka tilasta wa tafiyar mil ɗaya. Shi ne kuma a Markus 15:21, sa'ad da sojoji suka tsayar da Saminu mutumin Kurane, wani gari a ƙasar Libya ta yau, suka ɗora masa gicciye. Mutumin Afirka ne da ke dawowa daga ƙauye, bai shirya ba, aka ɗora masa kaya mafi daraja da aka taɓa ɗora wa ɗan aike.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin amintattun bayinka da suka riƙe Maganarka har ta iso mana da harshenmu. Ka sa linzami a bakinmu da yatsunmu, kada mu zama masu kai saƙon mutuwa. Ka ba mu himma mu kai bisharar rai ga na kusa da na nesa, kada ta kwana a hannunmu. Ka ƙarfafa ƙannenmu da ake yi wa tambayoyi masu wuya. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.